Labarin Zuciya A Tambayi Fuska

 

A wannan wata za mu ɗan jingine maganar makaranta da muka saba yi, mu yi hira a kan wani tsohon fim, wanda da wuya a sami wanda ya kai shekara 40 a unguwanninmu da bai taɓa ganinsa ba, ko bai ji labarinsa ba. Sunansa na Turanci Lion of the Desert, wato Zakin Hamada, amma a cikinmu ba mai kiransa haka. Kowa cewa yake yi fim ɗin Umar Mukhtar. Ya fito a shekarar 1981, wanda ya shirya shi kuwa shi ne Mustafa Akkad, mutumin birnin Halab na ƙasar Siriya, wanda tun da fari ya yi fim ɗin Ar-Risala a 1976. A hutun makaranta da ya wuce mun sami sukunin sake kallonsa daga farko har ƙarshe, kusan awa uku cur, muka ga ya kamata mu faɗa wa masu karatu abin da muka gani a wannan karo.

Waɗanda suka yi zamanin gidajen bidiyo sun san yadda ake kallon wannan fim a da. A cika ɗaki maƙil, manya a kan benci, yara a ƙasa. Duk lokacin da tankar Italiyawa ta kama da wuta sai ɗaki ya kaure da sowa, in kuwa aka zo wurin da 'yan wasa suka zauna suna magana, sai surutu ya tashi, wasu ma su fita sayen gyaɗa. Ba laifin kowa ba ne, domin yawancinmu a lokacin ba ma jin Turancin da ake yi, ba ma jin Larabcin, sai ɗan abin da wani wanda ya kalla sau goma ya fassara mana. To amma duk da haka, da zarar an zo ƙarshe sai ɗakin ya yi tsit, ka ga magidanci da gemunsa yana share ido da hannun riga, yana cewa ƙura ce. Abin tambaya shi ne, me zai sa mutumin da bai fahimci kalma ɗaya ba ya yi hawaye? Amsar tana cikin karin maganar nan ta iyayenmu da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskokin 'yan wasan ne suka yi mana tafinta, kuma su ne muke so mu yi magana a kansu.

Kafin nan, bari mu ɗan tuna wa matasa asalin labarin, don kada su ɗauka tatsuniya ce. Ƙasar Italiya ta afka wa Libiya a watan Oktoba na 1911, lokacin tana hannun Turkawa. Umar Mukhtar malamin Alƙur'ani ne, an haife shi wajejen 1858 a yankin Barƙa da ke gabashin ƙasar, ya yi karatu a Jagbub, cibiyar ɗariƙar Sanusiyya. Ba ma baƙon wannan sashe namu na Afirka ba ne ƙwarai, gama ɗariƙar ta taɓa tura shi arewacin Chadi wajejen 1900, lokacin da take fafatawa da Faransawa. Shekara 20 ya yi yana yaƙi da Italiyawa, galibi a cikin duwatsun Jabalul Akhdar, da dawaki da tsofaffin bindigogi, su kuwa da jiragen sama da tankoki. A 1930 Musolini ya tura Janar Giraziyani Barƙa don ya kawo ƙarshen abin. Giraziyani ya lura cewa talakawa ne ke ciyar da mayaƙan, saboda haka aka kwashe mutane kimanin 100,000 daga ƙauyukansu da wuraren kiwonsu aka tsare su a sansanoni irin su Suluƙ da Agila, inda masana tarihi da dama suka ƙiyasta cewa waɗanda yunwa da cuta da igiya suka kashe ba su gaza 40,000 ba. Ya kuma sa aka ja shingen waya mai ƙaya na kimanin kilomita 270 a kan iyakar Masar, don ya toshe hanyar abinci da harsashi. An kama Umar Mukhtar ranar 11 ga Satumba 1931, aka yi masa shari'a a Bangazi ranar 15, aka rataye shi a Suluƙ ranar 16, a gaban mutane wajen 20,000 da aka tara don su gani. Yana da shekara kamar 73.

To, wanda ya fito a matsayin wannan dattijo shi ne Anthony Quinn. Ba Balarabe ba ne, ba Musulmi ba ne, haifaffen ƙasar Meziko ne a 1915. Masu kallo sun riga sun san shi, don shi ne ya fito a Sayyidina Hamza a Ar-Risala ta Turanci, inda ya zo da faɗin ƙirji da babbar murya. Wanda ya san shi a can zai yi zaton haka zai sake yi, amma sai ya sauke murya, ya rage sauri, ya ɗauki tafiyar tsoho wanda gwiwa ta fara ba shi wahala amma ba ya so a gane. Farkon ganin da muka yi masa a fim ɗin ba a kan doki ba ne. Yana zaune ne da yara yana koya musu ma'anar ma'auni da adalci. Mu da alli ne sana'armu mun daɗe muna duban wannan wuri. Ya yi tambaya, sa'an nan ya jira. Bai ƙarasa wa yaro amsa ba, bai kuma daka masa tsawa ba, ya dai leƙo ta saman tabarau yana sauraro. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban aji ya san cewa wannan jira shi ne ya fi komai wuya a aikin koyarwa, kuma daga nan mai kallo zai yarda cewa wannan mutum malami ne da yaƙi ya zo ya tarar da shi.

Akwai wurare uku da muke roƙon duk wanda zai sake kallo ya zuba wa fuskar Quinn ido. Na farko shi ne bayan kwanton-ɓaunar da suka yi wa sojan da suka ƙone ƙauye, inda wani ƙaramin hafsa ya rage da rai. Samari suka ɗaga bindiga za su harbe shi, suna kafa hujja da cewa ai haka Italiyawa ke yi musu. Dattijon ya hana, ya nuna musu cewa abokin gaba ba malaminsu ba ne da za su koyi hali a wurinsa. A nan ne kaɗai muryarsa ta ɗan yi kaifi, kuma fushin ba da Bature yake yi ba, da yaransa yake yi, irin fushin uba da ya ga ɗansa zai zubar da mutuncin gida.

Na biyu shi ne ta'aziyyar da ya je yi wa wata yarinya da aka kashe mijinta aka bar ta da ƙaramin yaro mai suna Ali. Ya lallashe ta a kan kada ta bari yaron ya riƙa ganin kukanta, domin yara su tashi suna tuna iyayensu a tsaye. Yana wannan magana nasa idanun sun kawo ruwa, sai ya juya ya shiga wasa da yaron. Wannan shi ne irin kukan da muka sani a gidajenmu ran rasuwa, inda babba zai haɗiye nasa don ya rarrashi na ƙasa da shi.

Na uku kuwa shi ne zamansa da Sharif Garyani, abokinsa na ƙuruciya wanda ya bi Italiyawa, ya zo yana ba shi shawarar ya ajiye makami. John Gielgud, tsohon gwanin wasan kwaikwayo na Ingila, shi ya fito a wannan matsayi. Ba zagi, ba tsinuwa. Tsofaffi biyu ne da suka yi karatu tare, kowa ya san ɗan'uwansa ciki da bai, kuma kowa ya san wannan zama ba zai haifi komai ba. Quinn yana dubansa da tausayi, Gielgud kuwa ya kasa riƙe ido, yana ta jero dalilai masu kama da hankali. A da nan ne ake fita sayen gyaɗa. Yau da shekaru suka ja, kowannenmu ya ga yadda abin duniya ke raba aminai, wurin ya fi ƙarar igwa shiga jiki.

Ga waɗanda suka kalli na Larabci, muryar da suka ji ba ta Quinn ba ce, ta Abdullahi Gais ce, ɗan wasan Masar wanda ya fito a Hamza a Ar-Risala ta Larabci. Wato Hamza biyu ne suka haɗu a jikin Umar Mukhtar guda, ɗaya ya ba da fuska, ɗaya ya ba da murya. Yabon gwani ya zama dole, dukansu sun yi.

Mu koma wajen mata, waɗanda masu ba da labarin wannan fim suka cika mantawa da su. Irene Papas, 'yar ƙasar Girka, ita ce ta fito a Mabruka. Ita ce kuma Hindu a Ar-Risala ta Turanci, matar da kowa ya fita yana jin haushinta. A nan maganarta duka-duka ba ta da yawa. Aikinta shi ne ta tsaya ta duba: ta duba hatsi yana ci da wuta, ta duba ana tisa ƙeyar mutane zuwa sansani, ta duba ta cikin waya mai ƙaya. Ba ta birgima, ba ta yaga zane. Bakinta a rufe yake gam, jijiyoyin wuyanta ne ke motsi, kamar wadda ta san in ta buɗe baki sau ɗaya ba za ta iya rufewa ba. Da aka rataye uwar Ali a sansanin, ita ta rungumi marayan. Tarihi ya riƙe sunayen jarumawan da suka mutu a kan doki, amma mafi yawan waɗanda suka mutu a wannan yaƙi a bayan waya suka mutu, mata da yara da tsofaffi. Fuskar Mabruka ita ce ta tsaya a madadinsu.

Sai kuma mugun, wato Giraziyani, wanda Oliver Reed na Ingila ya fito a matsayinsa. Ɗan wasa mai ƙaramar basira da sai ya yi ta zare ido yana hargagi. Reed bai yi haka ba. A hankali yake magana, tufafinsa tsaf, yana nazarin taswira kamar akawu yana duba lissafi, kuma wannan sanyin shi ya fi ban tsoro, domin ya nuna mana cewa mai zalunci ba lalle ne ya zo da kamar mahaukaci ba. Babban wurinsa shi ne haɗuwarsa da Umar Mukhtar bayan an kama shi. Ga tsoho a cikin sarƙa, ga janar a ofishinsa da dukan ikon duniya a hannu, amma in ka toshe kunne ka dubi fuskokin biyu kawai, sai ka rasa wane ne kamamme. Reed yana kai da kawowa, yana tambaya, yana neman ko da kalma ɗaya ta miƙa wuya. Da ya miƙa wa dattijon tabaransa da aka tsinta a fagen fama, akwai wani ɗan gajeren lokaci da girmamawa ta bayyana a idonsa, nan take kuma ya danne ta. Wannan haɗuwa ta faru da gaske, Giraziyani da kansa ya ba da labarinta a littafin da ya wallafa a 1932.

Wani abin da ya ƙara wa fim ɗin daraja shi ne bai yi wa Italiyawa kuɗin goro ba. Akwai Laftanar Sandrini, saurayin da aka yi wa afuwa, wanda daga baya ya ƙi bin umurnin rataye mutane. Akwai Kanar Diodiece, wanda Raf Vallone ya fito a matsayinsa, tsohon soja mai kunya, wanda ya sa aka kwance wa fursunan sarƙa don ya yi alwala. Akwai Kyaftin Lontano, lauyan da aka ba shi don cika ƙa'ida kawai, amma ya miƙe a kotu ya ce wannan mutum bai taɓa yi wa Italiya mubaya'a ba, saboda haka fursunan yaƙi ne, ba maci amana ba. Waɗannan uku duk 'yan wasan Italiya ne suka fito a matsayinsu, suna nuna abin kunyar da kakanninsu da iyayensu suka aikata. Wannan ma ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Kada mu manta da taron jama'a, wato mutanen Libiya masu yawa da aka ɗauka don su cika fage. Su ne mayaƙan nan da suke dabaibaye ƙafafunsu da igiya kamar raƙumi don kada su gudu in tankoki sun matso. Su ne kuma suka tsaya a filin rataya. Akkad ya cusa ainihin hotunan sansanonin da aka ɗauka a wancan zamani cikin fim ɗin, kuma in aka dubi fuskokin da ke cikin tsohon hoton da na waɗanda ke cikin wasan, da ƙyar a bambanta. Labarin ƙasarsu ne suke yi, kuma a lokacin shekara 50 ma ba ta cika da faruwar abin ba. A ƙarshe, da tabarau ya faɗi daga hannun dattijon, mata suka rangaɗa guɗa maimakon kururuwa, yaro Ali ya je ya tsinci tabaran. Nan ne ƙurar da muka ambata take shiga idon magidanta.

Duk da wannan yabo, wajibi ne mu gaya wa ɗalibai cewa fim ba littafin tarihi ba ne. Gwamnatin Gaddafi ce ta ba da kuɗin yin sa, kimanin dala miliyan 35, kuma Gaddafi shi ne ya hamɓarar da Sarki Idris, shugaban Sanusiyya, a 1969. Don haka ba abin mamaki ba ne da ɗariƙar da ta raini Umar Mukhtar, wadda da sunanta ya yi yaƙi, ta kusan ɓacewa daga cikin labarin. Haka nan fim ɗin ya fara da naɗa Giraziyani a 1929, alhali a 1930 ya isa Barƙa, kuma a ƙarƙashin Gwamna Badoliyo yake. Bugu da ƙari, manyan matsayin Larabawa an ba Turawa ne don fim ɗin ya sami kasuwa a Turai da Amurka, kasuwar kuwa ba ta samu ba, gama bai mayar da ko kusa da kuɗinsa ba. Italiya ma hana nuna shi ta yi a 1982, wai ya ci mutuncin sojanta. Sai a watan Yuni na 2009 aka nuna shi a wata tashar talabijin ta ƙasar, lokacin da Gaddafi ya kai ziyara birnin Rum da hoton Umar Mukhtar cikin sarƙa manne a ƙirjinsa. Shi kuwa Giraziyani, daga baya Habasha ya nufa, inda aka yi wa dubban mutane kisan gilla a Adis Ababa a ƙarƙashin mulkinsa a 1937. Kotun Italiya ta yanke masa ɗaurin shekara 19 a 1950, amma 'yan watanni kawai ya yi aka sake shi, ya mutu a 1955. Libiya ta sami 'yancin kanta a watan Disamba na 1951.

To, mene ne namu a ciki? Yaranmu na yau a wayar hannu suke kallo, kowa shi kaɗai, kuma da yatsa ɗaya suke tsallake duk wurin da ba a harbi. Wanda ya saba da haka zai tashi ya iya kallon jini ba tare da ya ji komai ba, kuma bai iya karanta fuskar mahaifiyarsa ba ran da take cikin damuwa. Karatun fuska ilmi ne, kuma a gida ake koyonsa. Shawararmu ga iyaye ita ce a nemi wannan fim a kalla tare da yaran da suka kai shiga sakandare. Ƙanana kam a ɗaga musu, saboda wuraren rataya suna da nauyi. A raba shi dare biyu. In an zo wurin zance a dakatar, a tambayi yaro, me kake jin wannan mutum yake ji a ransa, kuma ta yaya ka gane? Za ku sha mamakin amsoshin da za ku ji. Malamai masu kula da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo a makarantu su ma ga abin koyarwa, domin yaranmu sun ɗauka baƙin ciki a dandali shi ne ihu da faɗuwa ƙasa. A nuna musu Mabruka.

Abu na ƙarshe ya shafe mu musamman, mu da muke zaune a ƙasar da ba mu ne masu yawa ba. Alhamdu lillahi ba ma yaƙi da kowa, muna zaman lafiya da maƙwabtanmu, muna auratayya da ciniki. Amma ba a rasa ranar da yaro zai dawo gida ransa a ɓace, an yi masa gori a kan harshensa ko an kira shi baƙo a garin da aka haifi kakansa. A irin wannan rana zuciya takan ce a rama daidai da abin da aka yi. Nan ne ya kamata uba ya tuna wa ɗansa dattijon nan da ya tsaya tsakanin bindiga da fursuna. Mutum ya nemi hakkinsa ta hanyar da ta dace, kada ya sunkuyar da kai, amma kada ya bari wanda ya ɓata masa rai ya zama shi ne malaminsa.

Galibin waɗanda suka yi wannan aiki sun riga mu gidan gaskiya. Oliver Reed ya mutu a 1999, John Gielgud a 2000, Anthony Quinn a 2001, Irene Papas a 2022. Mustafa Akkad kuwa harin bam da aka kai wa otal-otal a birnin Amman na ƙasar Jodan a watan Nuwamba na 2005 ne ya yi ajalinsa, tare da 'yarsa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Umar Mukhtar da dukan waɗanda suka rasu a Suluƙ da Agila da sauran sansanonin.

Wanda ya sake kallon fim ɗin ya ga abin da ba mu gani ba, ƙofar wannan fili a buɗe take, ya rubuto mana. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mu huta lafiya.